Diflomasiyya a wasannin kwamfuta: Wa ke tsara dokokin tarihi?

A yayin da miliyoyin matasa a sassa daban-daban na duniya ke tsintar ilmin tarihi da na hulɗar ƙasa da ƙasa daga wasannin kwamfuta, muhawara na ƙara zafi a game da waɗanda ke tsara dokokin waɗannan wasanni, da kuma waɗanda ke bi ta bayansu suna yi musu kwaskwarima.

A ranar 4 ga watan Nuwamban shekara ta 2025 ne kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar da kashi na biyar na shahararren wasansa mai suna Europa Universalis, shekaru 12 bayan fitowar kashi na huɗu. Ga wanda bai saba ba, wannan labari ne da bai cancanci shiga jerin al'amuran yau da kullum ba. To amma malaman tarihi a jami'o'in Turai da Amurka sun daɗe da lura cewa ɗalibai da yawa kan zo aji ne da wani ra'ayi da suka riga suka ƙulla a game da yadda dauloli ke tasowa da yadda suke faɗuwa, kuma ba daga littafi suka samo shi ba.

A irin wannan wasa ba a riƙe bindiga. Mai wasa kan zauna ne gaban taswirar duniya, ya zaɓi ƙasa guda, ya kama ragamar mulkinta har tsawon ɗaruruwan shekaru: shi zai yanka haraji, ya tura jakadu, ya ƙulla aure tsakanin gidajen sarauta, ya ɗaura yaƙi, ya kuma nemi sulhu. Sauran ƙasashen duk kwamfuta ce ke tafiyar da su. Kashi na huɗu, wanda shi ne aka fi sani, yana farawa ne daga ranar 11 ga watan Nuwamban 1444, kwana guda bayan da Turkawa suka murƙushe rundunar taron dangi ta Kiristocin Turai a Varna, ya ƙare a 1821. Kashi na biyar kuwa ya ja da baya zuwa 1337. A taswirar 1444 akwai Faransa da Ingila da daular Turkawa, amma kuma akwai Kano da Katsina da Zazzau da Borno da Songhai da Mali, kuma duk wadda mutum ya ga dama yana iya ɗauka.

Tambayar da ta kamata a yi a nan ita ce, wane irin darasi ne mutum ke koya a game da zaman ƙasashe da juna bayan ya shafe sa'o'i ɗari biyar ko dubu yana wannan sarauta ta gaban allo?

So da ƙi a kan sikeli

Kwamfuta ba ta san amana ba, ba ta san kunya ba, lissafi kawai ta iya. Saboda haka dole ne masu ƙera wasan su mai da kowane fanni na diflomasiyya ya zama alƙalami. A Europa Universalis na huɗu kowace ƙasa tana da ma'aunin ra'ayinta a kan kowace ƙasa, wanda ke kaiwa maki 200 na ƙauna, ko ya sauka zuwa maki 200 na ƙiyayya. Addini ɗaya na ƙara maki. Auren sarauta na ƙara maki. Idan ka girke jakada a fadar wani sarki, makin zai riƙa hawa sannu a hankali kowane wata. Idan kuwa kana riƙe da wani lardi da maƙwabcinka ke ganin nasa ne, to makin zai yi ta zubewa. A lokacin da ka nemi ƙawance, wasan zai baje maka dalilan amincewa a gefe guda, dalilan ƙi a ɗaya gefen, wanda ya rinjaya shi ne amsar da za ka samu. Babu ɓoye-ɓoye, babu jan rai.

Akwai kuma iyaka. Ƙasa na da gurabe huɗu ne na manyan alaƙoƙi tun asali, wanda ya zarce haka zai riƙa biyan tara daga ƙarfinsa na diflomasiyya. An ba ta damar ayyana abokan gaba har uku. Ba a kai hari haka siddan: sai da hujjar yaƙi, in ba haka ba zaman lafiyar cikin gida ya girgiza. Amma abin dariya, ko kuma abin takaici, shi ne wasan ya tanadi hanyar ƙago hujjar. Sai ka tura jakadanka ya kafa 'yan leƙen asiri a ƙasar da kake kwaɗayi, bayan 'yan watanni ka danna maɓalli, sai ga takardar da'awa a kan lardinsu ta fito. Duk wanda ya tuna jawabin da Colin Powell ya gabatar a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Fabrairun 2003 a kan makaman ƙare dangi na Iraƙi, waɗanda har yau ba a gano su ba, zai yarda cewa masu wasan ba su yi wa duniya ƙazafi ba.

Ƙashin bayan tsarin gaba ɗaya shi ne wani ma'auni da za a iya kiransa haɗamar ƙasa. Duk lardin da ka ƙwace, ƙasashen da ke kallo za su rubuta maka laifi. Idan laifin ya kai maki 50 a wurin wata ƙasa, kuma ba ta ganin ka da alheri, to tana iya shiga taron dangi a kanka, kamar dai yadda Turai ta yi wa Napoleon. Laifin yana gogewa kaɗan-kaɗan kowace shekara. Bayan kowane yaƙi kuma akwai tsagaita wuta ta shekaru 5 zuwa 15, gwargwadon abin da aka ƙwata.

Wurin da ya fi jan hankali shi ne yadda ake lissafa wannan laifi. Ba daidai yake ga kowa ba. Ƙasar da ke addini ɗaya da wadda aka zalunta ta fi jin zafi. Wadda suka haɗa al'ada ta fi jin zafi. Wadda ke kusa ta fi wadda ke nesa. Ma'ana, idan Faransa ta haɗiye wani ɗan ƙaramin gari a tsakiyar Jamus, rabin Turai zai zare takobi, amma idan ta haɗiye masarauta sukutum a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, da wuya wani sarki a Turai ya ɗaga gira. Gwanayen wasan sun haddace wannan karatu. Dabararsu ita ce karɓa-karɓa: bana a ci Musulmi, baɗi a ci Katolika, shekara ta uku a juya kan Hindu, ta yadda kafin a zagayo fushin kowane ɓangare ya huce. Jakadu kuma aikinsu ya koma lallashin waɗanda ba a kai kansu ba tukuna.

Wani masanin tarihi Ba'amurke, Bret Devereaux, ya yi jerin rubuce-rubuce a 2021 inda ya yi nuni da cewa wasan yana tafiya ne a kan wata sananniyar mazhaba ta nazarin hulɗar ƙasashe, wadda ke ganin duniya tamkar daji ne da babu alƙali, inda dole kowace ƙasa ta girma ko a cinye ta. Ya kuma lura cewa wasan na kallon komai ne ta idon hukuma, talakawa kuwa sun zama alƙaluman haraji da na sojoji. Wannan mazhaba tana da hujjojinta, kuma tana da manyan malamai. Matsalar ita ce a aji ana gabatar da ita a matsayin ra'ayi guda cikin ra'ayoyi, a wasa kuwa ita ce ƙasar da ake takawa. Ba a muhawara da ita, domin duk wanda ya saɓa mata an cinye shi kafin shekara ta 1500.

Baƙin jini mai rahusa

Ɗan'uwan wannan wasa, Victoria na uku, wanda ya fito a watan Oktoban 2022, ya ɗauko labarin ne daga 1836, shekara guda kafin rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, zuwa 1936. A nan an yi ƙoƙarin ba diflomasiyya matsayi mafi girma. Babu yaƙin da ke ɓarkewa kwatsam. Ƙasa za ta fara ne da gabatar da buƙatarta a fili, sai a shiga wani wa'adi na ja-in-ja, inda kowane ɓangare ke zawarcin manyan ƙasashe da alkawura, wannan a yi masa tayin wani yanki, wancan a ɗauki bashin alfarma a wurinsa. Kafin wa'adin ya cika, ɓangaren da ya ga ba zai kai labari ba yana iya janyewa ya ba da abin da aka nema tun farko. Wannan ya yi kama ƙwarai da abin da ya faru a Fashoda ta ƙasar Sudan a 1898, lokacin da sojojin Faransa da na Birtaniya suka yi cirko-cirko a bakin kogin Nilu, daga bisani Faransa ta janye ba tare da an harba harsashi ba.

A wannan wasa ma akwai ma'aunin laifi, wanda ya fi dacewa a kira shi baƙin jini. Idan ya kai maki 100, ƙasa ta zama saniyar ware, kuma manyan ƙasashe na da damar haɗuwa su rage mata tsawo. Sai dai an raba ƙasashen duniya gida-gida. Akwai waɗanda manyan ƙasashen Turai suka amince da su a matsayin tsararsu, akwai kuma waɗanda ba su amince da su ba, kuma a wannan rukuni na biyu ne aka saka Daular Sakkwato da Sin da Japan da Farisa. Cin zalin ƙasar da ba a amince da ita ba yana jawo baƙin jini ƙasa da na cin zalin wadda aka amince da ita. A ƙasan waɗannan kuma akwai al'ummomin da aka ce ba su da hukuma ta tsakiya, waɗanda ake iya mamaye ƙasarsu sannu a hankali ba tare da an ayyana yaƙi ba.

A kashi na biyu na wasan, wanda ya fito a 2010, sunan da aka ba irin su Sakkwato shi ne ƙasashen da ba su waye ba. Kamfanin ya sauya wannan suna, yana mai bayanin cewa sabon rabon ba hukunci ba ne a kan darajar al'umma, hoto ne na yadda manyan ƙasashen wancan zamani ke kallon saura. A sigar farko ta sabon wasan, babbar hanyar fita daga wannan ƙasƙanci ita ce a yi fito-na-fito da wata babbar ƙasa a tilasta mata amincewa, kwatankwacin abin da Japan ta yi wa Rasha a 1905.

Ta fuskar tarihi, da wuya a ce an yi ƙarya. A taron Berlin na 1884 zuwa 1885 ƙasashe 14 ne suka zauna suka tsara ƙa'idojin rabon Afirka, babu ɗan Afirka ko guda a teburin. Turawa sun sha ƙulla yarjejeniyoyi da Sakkwato, tun daga ziyarar Clapperton ga Muhammadu Bello a 1824, zuwa takardar ciniki da Barth ya samu a 1853, zuwa waɗanda Joseph Thomson ya karɓo wa kamfanin Goldie daga Sakkwato da Gwandu a 1885. Amma da lokacin mamaya ya yi, ba a ɗauki waɗannan takardu a matsayin abin da ya ɗaure Birtaniya ba, sai dai hujjar da za ta nuna wa Faransa da Jamus cewa ta riga su. Hujjar yaƙi ma ba ta yi wuyar samu ba: kisan Kyaftin Moloney a Keffi a 1902 da gudun Magajin Keffi zuwa Kano, da kuma wata wasiƙa da Lugard ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa, wadda masana tarihi suka daɗe suna tababa a kan ingancinta. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris.

A ganina, nuna wannan rashin adalci ƙarara ya fi ɓoye shi. Amma akwai bambanci tsakanin karanta zalunci a littafi da kuma cin ribarsa da hannunka. Mai wasan da ya ɗauki Birtaniya ko Faransa ba ya tsayawa yin juyayi, abin da yake gani shi ne ƙasa a Afirka ta fi araha, don haka nan ya kamata a fara. Batun kuwa bai tsufa ba. Har yanzu amincewar manyan ƙasashe ce ke raba gardama a kan wa ya isa a kira shi ƙasa, kamar yadda aka gani a watan Satumban 2025 sa'ad da Birtaniya da Faransa da Kanada da Ostareliya suka amince da ƙasar Falasɗinu, kuma tun 2005 Tarayyar Afirka ke neman kujeru biyu na dindindin a Kwamitin Sulhu ba ta samu ba.

Abin da alƙalami ba ya kamawa

Babbar illar mai da diflomasiyya lissafi ita ce lissafi ba ya jure wa harshen damo, alhali kuwa harshen damo shi ne rabin aikin jakada.

A ɗauki misalin Kano a daidai shekarar da wasan ke farawa. Bisa lissafin da aka fi amfani da shi na littafin Tarihin Kano, Abdullahi Burja ne ke kan gado daga 1438 zuwa 1452, kuma littafin ya ambace shi a matsayin wanda ya fara aika wa Borno gaisuwa a ƙasar Hausa, ya kuma buɗe hanyar fatauci daga Borno zuwa Gwanja. To mece ce wannan gaisuwa? A fadar Borno ana iya ɗaukar ta a matsayin gandu daga na ƙasa zuwa na sama. A fadar Kano ana iya ɗaukar ta a matsayin kyauta tsakanin sarki da sarki, wadda ke sayen zaman lafiyar ayari. Amfaninta shi ne kowane ɓangare ya fassara ta yadda ya yi masa daɗi, ba wanda ya tilasta wa ɗaya ya fayyace. Wasan kuwa dole ya zaɓa: ko Kano baiwar Borno ce, ko ƙawarta, ko kuma babu komai a tsakaninsu. Ko da aka shigo da tsarin ƙasashe masu biyan gandu a 2017, an tsara shi ne galibi domin sarkin Sin da makiyayan tsakiyar Asiya. Haka nan gadon sarautar wata ƙasa ta hanyar aure, wanda ke cikin manyan dabarun wasan, an keɓe shi ne ga masarautun Kirista.

Misali na biyu ya fi nauyi. A farkon ƙarni na 19 an yi musayar wasiƙu tsakanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno da shugabannin jihadin Sakkwato, musamman Muhammadu Bello, wanda ya adana wasu daga cikinsu a littafinsa Infaƙul Maisuri. Abin da ake gardama a kai shi ne ko ya halatta a yaƙi Borno, ƙasar da ta shafe ƙarnoni a cikin Musulunci. Kowane ɓangare ya kawo hujjojinsa na shari'a, kuma kowanne ya san cewa malamai da dakarunsa suna saurare, domin wanda ya rasa hujja yana iya rasa mabiya. Wannan ita ce hujjar yaƙi a matsayin abin da ake kafawa da ilmi, ake kuma rushewa da ilmi. A wasa, maɓalli ne da ke kunnuwa idan sharaɗi ya cika.

Haka kuma jakadun da Mai Idris Alauma ya tura Santambul wurin Sarki Murad na uku a shekarun 1570, da waɗanda ya tura Maroko wurin Ahmad al-Mansur a farkon shekarun 1580, sun shafe watanni a hamada, kuma a Maroko an nemi a mai da neman taimakonsu ya zama mubaya'a. Jinkirin saƙo, da kuskuren tafinta, da girman kan mai masauki, duk suna cikin abin da ke yanke makomar ƙasashe. A gaban allo kuwa amsa na zuwa ne kafin ƙiftawar ido.

Akwai wani tsohon wasa na allo mai suna Diplomacy, wanda Ba'amurke Allan Calhamer ya fitar a 1959, da ya bi wata hanya dabam. Mutum bakwai ne ke wakiltar manyan ƙasashen Turai na 1901, babu ƙuri'a, babu sa'a, sai magana da alkawari da cin amana. A 2022 kamfanin Meta ya sanar da cewa wata ƙirƙirarriyar basira da ya ƙera mai suna Cicero ta buga wasanni 40 da mutane ta intanet, ta kuma shiga sahun kashi goma cikin ɗari na sama. Kamfanin ya ce an horar da ita ne a kan gaskiya, amma wani nazari da masu bincike na jami'ar MIT suka jagoranta a 2024 ya nuna cewa ta yaudari abokan wasanta. Wato ko da na'ura ta koyi magana, abin da ta fara ƙwarewa a kai bai zama abin alfahari ba.

Masu kwaskwarima

Abin da ya bambanta waɗannan wasanni da littafi ko fim shi ne ba a kulle suke ba. Yawancin dokokinsu a rubuce suke cikin fayiloli na rubutu zalla, waɗanda kowa zai iya buɗewa da manhajar rubutu mafi sauƙi. Akwai fayil guda da ke ɗauke da ɗaruruwan alƙaluma: tsawon tsagaita wuta, saurin gogewar laifi, makin da ke haddasa taron dangi. Wanda ya sauya lamba ɗaya a ciki ya sauya ɗabi'ar duniya baki ɗaya. Idan ya ga dama ya soke rangwamen da ake yi wa mai cin zalin na nesa, sai ga Turai tana fushi saboda Afirka. Idan ya ga dama ya ƙago sabon nau'in yarjejeniya, ko ya ƙara garuruwa a taswira, ko ya rubuta wa wata masarauta tarihinta daki-daki. Wannan aiki shi 'yan wasa ke kira mod, kuma tun da kamfanin Valve ya buɗe rumbun musayarsu a dandalinsa na Steam a 2011, ɗora kwaskwarimar wani a kan wasanka bai wuce danna maɓalli guda ba.

Wasu daga cikin waɗannan ayyuka sun kai girman wasan kansa. Kaiserreich, wanda aka fara tun 2005 a kan wasan Hearts of Iron, ya gina duniyar da Jamus ce ta ci Yaƙin Duniya na Ɗaya. Extended Timeline ya miƙe Europa Universalis daga farkon ƙarni na ɗaya na Miladiyya har ya wuce zamaninmu. MEIOU and Taxes ya cusa lissafin yawan jama'a da ƙarfin masu faɗa a ji na cikin gida, domin sarki ya daina zama mai cewa kasance ta kasance. Da kashi na biyar ya fito da tsarin ƙidayar jama'a, 'yan wasa da dama sun ga inuwar wannan aiki a cikinsa. Kamfanonin ma daga nan suke ɗibar ma'aikata. Martin Anward, wanda ya jagoranci ƙera Victoria na uku, da kwaskwarima ya fara yin suna, haka ma Jon Shafer da ya jagoranci Civilization na biyar.

Sai dai 'yancin yana da katanga. Zuciyar manhajar, inda aka dasa yadda kwamfuta ke tunani, a rufe take. Sunan da kamfanin ya raɗa wa wannan inji shi ne Clausewitz, sunan janar ɗin Prussia da ya shahara a nazarin yaƙi, ba sunan wani jakada ba, kuma wannan kaɗai ya isa ishara. Mai kwaskwarima na iya sauya farashin yaƙi, amma da wuya ya sauya gaskiyar cewa taswirar an yi ta ne domin a shafe ta da launi ɗaya. Ban da haka, aikin na sa-kai ne. Dokar kamfanin ba ta yarda a sayar da kwaskwarima ba, kuma duk sabon gyaran da ya fitar yana iya wargaza aikin shekaru, a koma ɗinki daga farko. Da Valve ya gwada tsarin sayar da irin waɗannan ayyuka a watan Afrilun 2015, bore ya sa ya janye cikin kwanaki huɗu. Ribar tsawon ran wasan dai tana komawa ne aljihun kamfani.

Ƙofar da mai gyara ke shiga, ta nan mai ɓarna ma ke shiga. A 2016 Paradox ya cire wata kwaskwarima daga wasansa na sararin samaniya, Stellaris, wadda ta mai da dukkan 'yan Adam farar fata. Masu ra'ayin wariyar launin fata a Turai da Amurka sun daɗe suna sha'awar wasannin da ke ba su damar sake Yaƙin 'Yan Salibiyya ko na Hitler yadda suke so ya ƙare. Gwamnatoci ma ba su ɗauki lamarin da wasa ba. A 2004 ma'aikatar al'adu ta ƙasar Sin ta haramta Hearts of Iron saboda ya nuna Tibet da Manchuria da Xinjiang a matsayin ƙasashe masu cin gashin kansu. Hukumomin Beijing sun fahimci cewa taswirar da yaro ya ƙura wa ido dare da rana ta fi ta bangon aji zama a ƙwaƙwalwarsa.

Ƙasar Hausa a taswira

Ba za a ce ba a samu ci gaba ba. Lokacin da Crusader Kings na biyu ya fito a watan Fabrairun 2012, sarakunan Kirista kaɗai ake iya ɗauka, sai da aka fitar da wani ƙari na saye a watan Yuni kafin a iya wasa da sarkin Musulmi. Da na uku ya fito a 2020, Daurama ta Daura na cikin sarakunan da wasan da kansa ke ba da shawarar a fara da su a shekara ta 867. A 2021 wasan Age of Empires na uku ya shigo da Hausawa a matsayin al'umma mai zaman kanta, da mahayan lifidi, da Kano a matsayin babban birni. A 2025 kuma Sarauniya Amina ta Zazzau ta shiga jerin shugabannin Civilization na bakwai.

To amma shiga taswira daban, shiga dokokin wasa daban. An ba Amina doki da takobi, ba a ba Burja gaisuwarsa ba. Abin da ya sa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Masu ƙera wasannin Paradox suna Stockholm ne da gaɓar tekun Spain, kuma abin da ya fi kusa da hannunsu shi ne abin da aka rubuta da Turanci, kamar fassarar Tarihin Kano da Palmer ya buga a 1908. Wasiƙun sarakuna da takardun amana da ke ajiye a Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, yawancinsu da Larabci ko ajami suke. Kashi na huɗu na Europa Universalis ya fito ne a harsuna huɗu kacal, Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci. 'Yan wasa na Sin da na Turkiyya ba su jira kamfani ba, da kansu suka fassara shi ta hanyar kwaskwarima.

A lokacin da ake ƙera kashi na biyar, kamfanin ya riƙa wallafa taswirorin yankunan duniya ɗaya bayan ɗaya tun daga 2024, har da ta Afirka ta Yamma, yana neman jama'a su kawo gyara tare da hujja, kuma ya sake zana wurare da yawa bisa abin da aka kawo masa. A irin wannan tsari, yankin da ya fi yawan masu magana da takardu a hannu shi ya fi samun gyara. Ɗalibin tarihi a Zariya ko Kano ko Yamai yana da abin faɗa a nan fiye da yawancin masu faɗar, kuma rubuta kwaskwarima ba ya buƙatar digiri a fannin kwamfuta. Abin da yake buƙata shi ne wutar lantarki, da intanet mai ƙarfi, da kwamfuta mai ƙarfin ɗaukar wasan, a yankin da akasarin matasa da wayar salula suke wasa. Farashin sabon wasan a Amurka ya kai dala 60 lokacin da ya fito, wanda a canjin ƙarshen 2025 ya zarce naira dubu 70, mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na wata guda a Nijeriya.